Harshen dogon da ya ci mini shekara goma sha ɗaya

Jiya da muka tashi daga aiki ka tare ni a bakin gareji, ka ce: "Maigida, tunda na'ura ce ke juya dogo a mararraba, ga kuma taswira a allon gabanmu, don me ake tilasta mana haddace kowane layi tasha bayan tasha kafin a ba mu tiram?" Ka ga na wuce ban tanka maka ba. Raina ne ya ɓaci, domin tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki, na kwana ina juyi a kansa. To yau ga amsarka, ka karanta ta a nitse, ka ajiye wayar nan taka tukuna.

Ba zan tsaya ina koya maka tayar da jirgi ko buɗe ƙofa ko kaɗa ƙararrawa ba. Wanda ya yi mako guda a garejin nan bai iya waɗannan ba, ya nemi wata sana'ar tun da sauran rana.

Abin da kuke mantawa, ku yaran yanzu, shi ne tiram, wato jirgin lantarki mai bin dogo a titunan gari, ba shi da sitiyari. Direban bas in ya ga abu a gabansa zai iya kaucewa. Kai birki da ƙararrawa kawai gare ka, ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe, inda suke haɗuwa bai fi faɗin ɗan kwabo ba, ga nauyin tan arba'in ko fiye a bayanka. Duk abin da za ka yi a wuri, sai ka fara yin sa tun kafin ka iso wurin. Allo zai nuna maka inda kake. Abin da ke jiranka bayan kwana, wannan a kanka yake ko kuwa babu shi.

Lambar da ke goshin jirgi kuma, wadda fasinja ke kira layi, ba dogonta ita kaɗai ba ne. A babban birni layuka da yawa dogo ɗaya suke bi a tsakiyar gari, sai an fita suke rarrabuwa. Dubi Melbon ta ƙasar Ostireliya, wadda ta fi kowane birni tsawon dogon tiram a duniya, kimanin kilomita 250, da layuka 24. Layi takwas ne ke bin titin Swanston a jere, in sun gangara titin St Kilda su riƙa ballewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nufi unguwarsa. A Budafest layi na 4 da na 6 kusan tare suke tafiyarsu duka, sai can ƙarshe suke rabuwa, kuma jiragensu sun kai tsawon mita 54. Ka yi tunanin direban da ya juya jirgi irin wannan ta hanyar da ba tasa ba. Ba mota ba ce da zai ja da baya ya gyara cikin minti ɗaya. Duk wanda ke bayansa ya tsaya ke nan, har fasinjan da ke can wata unguwa mai nisa sai ya ji a jikinsa.

Kowane layi kuma da halinsa. Layin T1 na Santambul daga Kabataş yake tasowa, ya haye gadar Galata, ya hau tudu zuwa Sultanahmet cikin cincirindon masu yawon buɗe ido, ya miƙe har Bağcılar. Layi na 28 a Lisbon faɗin dogonsa milimita 900 ne kacal, yana murɗawa cikin lungunan Alfama inda dogon jirgin zamani ba zai iya shan kwana ba, shi ya sa har yau ƙananan tsofaffin jirage ke binsa. Ka ɗauko gwanin direba daga ɗayan ka kai shi ɗayan, sabon shiga zai koma. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo.

Yanzu batun na'urar da kake tinƙaho da ita. Ka san yadda take: ka danna lambar layinka, abin da ke ƙarƙashin jirgi ya yi magana da wayar da aka binne tsakanin dogo, injin da ke ƙarƙashin murfin ƙarfe ya tura harshen dogo, wato siririn ƙarfen da ke motsi a mararraba yana zaɓar wa jirgi hanya, hagu ko dama, fitila ta nuna maka inda ya kwanta. A da ta wayar sama ake yi: in ka wuce ƙarƙashin makunnin kana jan wuta harshe ya juya, in ka saki wuta ka wuce da gudun jirgi ya bar ka ka miƙe. Kafin wannan, sandar ƙarfe ce da ƙarfin damtse. Na yi aiki da duka ukun, kuma ina gaya maka fitila abin da aka gaya mata take faɗi.

Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi ba a taɓa rubuta sunana a littafin laifi ba. Ko gogar madubin mota ban taɓa yi ba. An riga an sa sunana cikin waɗanda za a ɗaga zuwa masu koyarwa, saura wata biyu. Akwai wata mararraba da layi huɗu ke ratsawa, ni nawa miƙewa yake yi, biyu su karya hagu. Harshen wurin ya daɗe yana ba da wahala, fitila na yawan nuna matsala, sai an sauka an juya da hannu. Aka ba wani ɗan kwangila gyara. Bayan gyaran fitila ta daina ƙorafi, kowa ya ji daɗi, ban da ni. Harshe mai lafiya in ya kwanta sai ka ji "ƙwas" har cikin ƙafarka, ko da taga a rufe. Wannan kuwa ya koma yin wani sauti mai laushi, kamar an rufe ƙofa da tsumma a tsakani. Sau biyu na rubuta a littafin ƙorafi na gareji, da hannuna, da kwanan wata.

Ranar da abin ya faru da yamma ne, ana yayyafi, irin wanda ba ya wanke dogo sai dai ya kwaɓa ƙura da maiko ya mai da shi sabulu. Na makara da minti bakwai saboda wata motar kaya da ta tare hanya, ɗakin kula da zirga-zirga kuma sun dame ni a rediyo. Jirgi cike maƙil. Na iso mararraba, na ɗaga kai, fitila ta nuna miƙe. Al'adata ce in sauke ido in kalli harshen kansa, in ga ya manne da dogo babu ko hasken rata. Ran nan hasken motoci ya kwanta a kan ruwan titi, rediyo na magana, na yarda da fitila na wuce.

Ƙafafun gaba suka miƙe lafiya. Girgizarsu ta sa harshen, wanda ashe bai kulle ba, ya goce. Ƙafafun baya suka bi hagu. Yaro, ba ka taɓa jin ƙarar da jirgi ke yi ba in gabansa na bin hanya ɗaya bayansa na bin wata. Na kama birkin gaggawa, yashin da ke hana santsi ya zuba a kan dogo, birkin maganaɗisu ya faɗa kan dogo, amma tsakiyar jirgi ta riga ta gicciye, ta daki turken da ke riƙe wayar sama. Waya ta tsinke ta faɗo tana tartsatsi a kan jiƙaƙƙen titi, wuta mai ƙarfin volt 600. Na hana kowa sauka, na tsaya a bakin ƙofa na tare da jikina har aka yanke wuta. Wata dattijuwa da ke tsaye ta faɗi ta karye a hannu. Har yau ina ganin yadda ta riƙe hannun nan ba ta yi kuka ba, sai salati take yi. Layi huɗu suka tsaya cik har tsakar dare.

Washegari da sassafe na koma wurin a ƙafa. Na leƙa ƙarƙashin murfi, sai ga sabuwar sandar tura harshe, kusoshinta na ƙyalli, ko ƙura ba su ɗauka ba. Cikin dare aka canza ta, kafin masu bincike su zo. Daga baya wani tsohon makanike ya faɗa mini a ɓoye abin da ɗan kwangilar ya yi tun farko: ya karɓi kuɗin sabuwar sanda bai sa ba, sai ya sassauta abin da ke auna kwanciyar harshe, yadda ko da rata ta rage fitila za ta ce lafiya lau. Ya kashe ƙorafin, ya bar cutar.

A zaman bincike aka kawo takardarsa da sa hannu, wai an gwada an tabbatar. Na ce a ɗauko littafin ƙorafi. Aka ce an cika shi an kai ma'aji, aka nema ba a gani ba. Sai suka buɗe na'urar da ke naɗar gudun jirgi: ta nuna na shiga da kilomita 14 a awa, ƙa'idar wurin 10. A kan huɗun nan aka rataya mini komai. Direban da ke bayana ya ga harshen da idonsa yana rawa bayan na wuce, ya rantse mini a gareji zai faɗa. Ranar zama ya ce ruwa ya hana shi gani. Mutumin da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya.

Aka dakatar da ni wata uku a kan rabin albashi, ina da yara a makaranta. Matsayin koyarwa aka ba wani da ni na riƙe hannunsa ranar da ya fara zama a kujerar direba. Shekara shida na ƙara ina jira. Ɗan kwangilar kuwa aka sabunta masa aiki. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san harshen nan ba shi da lafiya, kunnena ya gaya mini, ni kaɗai a garejin na sani. Da na tsaya na daƙiƙa biyar na kalle shi, da duk ƙaryarsu ba ta same ni ba.

Kar ka ɗauka tsofaffin jirage kaɗai ke wannan. Ranar 9 ga Nuwamba 2016, a Croydon da ke kudancin Landan, tiram na zamani ya fito daga dogon miƙe mai ratsa ramin ƙasa, da asuba cikin duhu da ruwa, ya shiga kwanar Sandilands da gudun kusan kilomita 73 a awa inda ƙa'ida ta ce 20. Ya kife, mutum bakwai suka mutu. Masu bincike sun ce da alama hankalin direban ya gushe na ɗan lokaci, ya rasa sanin inda yake a kan layi. Bayan nan ne aka sa na'urar da ke kama birki da kanta a irin waɗannan wurare. Na'urar tana da kyau, ina murna da ita. Sai dai an sa ta ne bayan an binne mutane, kuma ba za a sa ta a kowane taku na kowane layi ba.

Haddar da kake gudu ba jerin sunayen tashoshi ba ce, wannan ko ɗan firamare zai iya. Ina so ka san inda wayar sama ke da mahaɗin da ya raba wutar wani yanki da wani, don ka saki wuta kafin ka iso, kar ka ƙona mana kan hannun da ke shafar waya. Ina so ka san titin da bishiyoyi suka yi wa rumfa, inda ganye ke zuba ƙafa ta niƙe shi ya zama baƙin danƙo mai santsi, ka fara birki tun daga turke na uku. Ka san kwanar da wutsiyar jirgi ke fita ta share duk wanda ya tsaya a bakin titi, da ƙofar makarantar da yara ke fitowa a guje ƙarfe biyu, da mahaɗar da masu mota ke yanko gabanka ba tare da sun waiwaya ba, da tashar da ke kan gangara wadda in ka tsaya da jirgi cike ranar ruwa sai da yashi za ka tashi. Batun yashi ma, kar ka yarda da sa hannun kowa cewa an cika. Buɗe akwatin ka tura hannunka, ka ji ko busasshe ne ko ya dunƙule.

Ku dai kuna son a ba ku takarda cikin mako uku ku ɗauki hoto a kujerar direba. Na ga ɗaya daga cikinku shekaranjiya, an kashe masa allo don gwaji, ya kasa faɗin tashar da ke gaba a layin da ya bi sau ashirin. Ni da aka ba ni layina na farko sai da na taka shi a ƙafa daga farko har ƙarshe, sau biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, maigidana na bayana yana tambayata sunan kowace mararraba da inda harshenta ke kwana. In na yi kuskure mu koma turken baya mu sake. Na ji haushinsa a lokacin, Allah ya jiƙansa.

Kai na ga kana da kunne, shi ya sa na ɓata lokacina a kanka. Ran nan da muka wuce mararrabar bayan asibiti na ga ka ɗaga kai da ka ji sautin ya canza, sauran ko a jikinsu. Gobe ƙarfe biyar na asuba ka same ni a ƙofar gareji, ka sa takalmi mai ƙwari, ka karɓo sandar juya harshe a wurin mai ajiyar kaya. Za mu taka layinka na farko tun daga tashar ƙarshe, kuma a kowace mararraba za ka durƙusa ka sa yatsa tsakanin harshe da dogo bayan na tabbatar an kashe injin wurin. Wayarka ka bar ta a akwatinka.