Wace manhajar rubutu ta kyauta ce za ta fishe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Zariya nake, na fara karɓar aikin rubutu da fassara zuwa Hausa ana biyana. Word ɗin da mai gyara ya sa mini a kwamfuta ya fara cewa lasisinsa na jabu ne, har yakan hana ni gyara rubutu. Ba ni da halin biyan Microsoft duk wata. Ina zan koma?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Da farko ki rabu da wannan Word na bayan fage. Irinsa yakan zo da manhajojin ɓarna a ciki, ga shi kuma takardun da ake ba ki amana ce ta mutane.

Shawarata ita ce LibreOffice, ɓangarenta na rubutu ana ce masa Writer. Kyauta ce gaba ɗaya, babu talla, babu wa'adin gwaji. Wata gidauniya da ke Jamus, The Document Foundation, ke kula da ita, kuma tun 2010 aka fara aikin. Abin da ya sa na fifita ta a wajenmu shi ne sau ɗaya za ki kashe data ki sauke ta daga shafinsu, daga nan ko sabis ya ɗauke aikinki na tafiya. Kada sunan OpenOffice ya ruɗe ki. Wata manhaja ce daban mai tushe ɗaya da LibreOffice, amma rabonta da babban sabuntawa tun 2014.

Sai dai akwai tarko guda. Writer kan adana rubutu da nau'in .odt, alhali mafi yawan masu ba da aiki .docx, wato nau'in Word, suke so. Tun ranar farko ki shiga Tools, ki danna Options, sai Load/Save, a ƙarƙashin General ki mayar da shi ya riƙa adanawa a .docx kullum. A nan ne kuma za ki rage mintunan da yake ɗauka kafin ya ajiye kwafin ko-ta-kwana, saboda ranar da wuta za ta ɗauke batir kuma ya yi sanyi. Gyaran da edita ya yi da jan layi da sharhinsa na gefe duk Writer na nuna su, za ki iya karɓa ko ki ƙi. Inda yakan ɗan yi tuntuɓe shi ne takarda mai jadawali da hotuna da yawa, tsarin kan goce. Idan irin wannan ce, kafin ki tura ki buɗe ta a Word na intanet, wanda shi ma kyauta ne ga mai asusun Microsoft, ki ga yadda mai aikin zai gan ta.

Google Docs na da kyau idan edita na son ku duba rubutu tare, kuma da kansa yake adanawa. Ki dai san cewa gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta tare da Gmail da hotunanki ake cin sa. WPS kuwa, shi ma manhajar rubutu ce, ki bar shi a waya don karanta takarda a kan hanya, tallansa na da yawa.

Tunda Hausa kike rubutawa, ki kula da ɓ da ɗ da ƙ. Ki guji tsofaffin salon harufa da ake ɗora masu lanƙwasa a kan wasu maɓallai, domin da an buɗe takardar a wata kwamfuta sai "ƙasa" ta koma wata alama da "asa" a gabanta. Windows na da allon rubutu na Hausa, ki ƙara shi daga saitin harshe. Duk aikin da za ki miƙa, ki haɗa da kwafin PDF, shi yana tafiya da harufansa, ki kuma tura wa kanki ɗaya ta imel kafin ki rufe kwamfuta.