Kafin ki zuba kuɗin adashe a firij: amsa ga mai sayar da dulce frío a Bronx

Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yar Zangon Kumasi ce, ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, shekara shida ke nan. Maƙwabciyata 'yar Jamhuriyar Dominika ce, ita ta koya mini wani kayan zaƙinsu mai sanyi da suke kira dulce frío. Na yi shi ranar sunan 'yar ƙawata, tun daga ranar mata suke ta kirana. Yanzu nakan yi tire biyu ko uku a mako a gida. Kayan haɗin tire ɗaya yana cin dala 24, ina sayarwa dala 40, ni ke kai wa mai shi. Wata mai zuwa zan ɗauki adashe, dala 3,000. Ina so in sayi babban firij mai gilashi, in riƙa yi da yawa ina zuba wa kantunan unguwa. Me kika gani?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa hannun albarka. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba: kada ki sayi firij ɗin nan yanzu, kuma kada ki kai tire ko ɗaya kanti. Ki ba ni haƙuri in warware miki dalili.

Amma bari in ɗan yi wa masu karatu bayanin abin da muke magana a kai, don da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Jamhuriyar Dominika ƙasa ce a tekun Karibiyan, tsibiri ɗaya suka raba da Haiti, babban birninta Santo Domingo, harshensu Sifaniyanci. Mutanenta sun cika Bronx da unguwar Washington Heights, kuma su ke riƙe da ɗimbin ƙananan kantunan kwanar layi da ake kira bodega. Dulce frío ma'anarsa "zaƙi mai sanyi". Ana jera dogayen biskit masu laushi, masu kama da yatsu, a gindin tire, bayan an ɗan tsoma su a ruwan 'ya'yan itacen gwangwani. A zuba kastad na gida a kai, wanda aka dafa da madara, kwanduwar ƙwai, sukari da garin sitacin masara, shi ne suke kira maicena. A baza 'ya'yan itacen, a sake jera biskit, a sake zuba kastad, hawa biyu ko uku, sannan a sa a firij ya kwana. Da safe biskit ya sha ya zama kamar kek, cokali yana shiga ba gardama.

To kin ga madara da ƙwai a dafe, kuma ba a sake ɗora su a wuta kafin a ci. Duk wata matsalar wannan sana'a daga nan ta taso. Mai cincin ko mai dubulan tana iya yin kayanta ta ajiye mako uku, idan ba a saya yau ba a saya jibi. Naki kuwa agogonsa yana fara tafiya tun daga lokacin da kika sauke tukunya.

Doka tukuna, don ita ce ta fi ƙarfin ni da ke. A jihar New York, Ma'aikatar Noma da Kasuwanni tana ba mutum damar yin rajista ya riƙa yin wasu abinci a kicin ɗin gidansa yana sayarwa a cikin jihar, kuma rajistar kyauta ce. Burodi, biskit, kek mara kirim mai lalacewa, duk suna ciki. Abin da aka cire ƙarara shi ne duk abincin da sai an ajiye shi a firij. Dulce frío, tun daga sunansa ya tona kansa. Ke nan ko da kin sayi firij mafi tsada a duniya kin girke a falonki, bai halatta miki sayar da dulce frío daga gida ba. Mai bodega kuma doka ta wajabta masa sayen abinci daga wurin da hukuma ta amince da shi. Ranar da mai duba lafiyar abinci ya shigo ya tarar da kofunanki ba lakabi ba lasisi, shi za a ci tara, ke kuma kin yi asarar kanti da mutunci a unguwa ɗaya. Na san mata da yawa suna yi a ɓoye tsakanin ƙawaye. Ba zan ce miki ki bi sahunsu ba, balle da abincin da zai iya kwantar da yara goma a asibiti bayan walima ɗaya.

Hanyar da ke buɗe ita ce kicin ɗin haya mai lasisi, wanda ake biya da awa, ke ma ki nemi naki izinin sana'ar abinci. Masu irin waɗannan wurare galibi sukan nemi ki zo da inshora da takardar shaidar koyon tsaftar abinci. Ita wannan takarda Hukumar Lafiya ta birnin New York ce ke bayarwa, karatun yana intanet kyauta, jarrabawar ce ake biyan ɗan kuɗi. Ki fara da ita tun wannan makon. Ko ba ki ci gaba da sana'ar ba, za ta yi miki amfani wajen neman aiki.

Yanzu mu zo kan dala 16 da kike gani riba ce a kowane tire. Ɗauko biro. Tiren alminiyam da murfinsa, a ce dala 2. Jirgin ƙasa zuwa da dawowa, kusan dala 6. Saura 8. Ban sa gas ba, ban sa wutar firij ba. Tun daga zuwa kanti, da tsayuwa kan tukunya, da jerawa, da wanke-wanke, da kaiwa, ba zai gaza awa uku ba. Dala 8 a awa uku bai kai dala 3 a awa ba, alhali mafi ƙarancin albashi a birnin New York a 2025 dala 16.50 ne a awa. Ƙanwata, hidima kike yi wa jama'a, Allah ya ba da lada, amma ba ki fara kasuwanci ba tukuna. Shi ya sa waya ba ta daina ƙara: kowa ya gane araha.

Tire shi ne babban mai cin ribarki. Mai sayen tire tana kwatanta shi da kek ɗin babban kanti, sai ta ga dala 40 ma ta yi miki ƙoƙari. Ki zuba abu ɗaya a ƙananan kofuna masu haske, inda ake ganin hawa-hawan biskit da kastad da jan ceri a sama, sai ido ya canza. A ce tirenki yana fitar da kofi 14, kowanne dala 5, kin ga dala 70 ke nan daga kayan dala 24 ɗin nan, sai ƙarin kamar dala 4 na kofuna da murafe da cokula. Kofi kuma yana da wata fa'ida: yana saurin yin sanyi har tsakiya, ba a buɗe shi sai a hannun mai ci, kuma uwar biki ba ta neman wuƙa da faranti.

Sai kuɗin hayar kicin. Ki tambayi wurare biyu ko uku da kanki, ni misali kawai zan yi. A ce dala 30 ne a awa, kika kama awa huɗu, dala 120. Idan tire biyu kika yi a wannan zama, kowanne ya ɗauki dala 60 na haya kawai, kin faɗi warwas. Idan takwas kika yi, kowanne ya ɗauki 15. Haɗa 24 da 4 da 15, 43 ke nan, a cire daga 70, saura 27 a kowane tire, dala 216 a zama ɗaya kafin kuɗin kaiwa. Wannan lissafi shi zai gaya miki ranar da ya kamata ki fara. Muddin ba za ki iya tara odar kofi ɗari a mako ɗaya ba, hayar kicin za ta cinye ki. Don haka aikin da ke gabanki shi ne tara oda a rana ɗaya. Ki tsayar da doka: ana karɓar oda har daren Laraba, ana yi Juma'a, ana kaiwa Asabar. Rabin kuɗi kafin alƙalami ne, ba a mayarwa. Wadda ta ce "haba 'yar gida, sai bayan suna zan ba ki", ki yi mata murmushi ki ce madarar ma da kuɗi a hannu kika sayo ta.

Su wa za ki sayar wa? Ki cire 'yan Dominika daga lissafinki na farko. Kowace a cikinsu tana da uwa ko goggo da ta fi kowa iya dulce frío a ganinta, kuma a daren 24 ga Disamba, da suke kira Nochebuena, a gida suke yin abinsu. Kasuwarki tana cikin mutanenki: suna, biki, walimar saukar karatu, shan ruwa da azumi, Sallah ƙarama da babba. 'Yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Gini da Senegal da Gambiya, duk suna nan Bronx, kuma abin baƙo ne a bakinsu. A nan kike da abin da maƙwabciyarki ba ta da shi. A gidajen Dominika da dama akan ɗiga giyar rake a ruwan da ake tsoma biskit, abu ne na al'ada a ƙasar da ta shahara da ita. Musulma ba za ta sayi na kanti hankali kwance ba. Naki za ta saya, idan ta yarda da ke. Saboda haka ki tsare amanar har ƙasa. Ruwan banila na ainihi da ake sayarwa a Amurka, dokar ƙasar ta ce dole ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa. Malamai sun yi magana a kai ta fuskoki daban-daban, amma ke mai sayarwa ba ki da buƙatar shiga gardama: ki nemi garin banila ko wanda aka rubuta babu barasa, ko ki dafa madarar da sandar kirfa da ɓawon lemun tsami, ƙamshin da su kansu 'yan Dominika suke so a kayan madara. Idan kuma za ki zuba jelatin a sama don ƙyalli, ki duba tushensa, da yawa daga fatar alade ake yinsa.

Akwai kurakuran tukunya guda uku da suke komawa asarar kuɗi, bari in taɓo su. Na farko, sauke kastad da zarar ya yi kauri. A kwanduwar ƙwai akwai wani sinadari mai narkar da sitaci, idan ba ki bar kastad ya tafasa kamar minti ɗaya zuwa biyu kina juyawa ba, za ki kwanta da shi da kauri ki tashi ki tarar da kunu. Ki jira sai kin ga manyan kumfa suna fashewa a hankali, ɓul, ɓul, sannan ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa. Idan layin ya tsaya bai haɗe ba, ya yi. Na biyu, ɗanyen abarba ko gwanda ko kiwi. Wata za ta ce ki sa mata sabo don ya fi lafiya. Waɗannan suna da sinadarin da ke farfasa madara, kafin gari ya waye ya tsinke ya yi ɗaci. Na gwangwani an riga an dafa shi, shi ya sa masu abin suke amfani da shi. Na uku, daskarewa. Kastad na sitaci idan ya ƙanƙare ya narke, ruwa yake fitarwa ya yi gudaji, don haka babu zancen yin na wata guda ki tara.

Sanyin kansa yana da ƙa'ida a dokar lafiya ta birnin. Abinci irin wannan a ajiye shi a digiri 41 na ma'aunin Amurka ko ƙasa da haka, wato 5 a ma'aunin da muka saba. Idan an sauke daga wuta, ya sauko daga 140 zuwa 70 cikin awa biyu, sannan ya kai 41 cikin wasu awa huɗu. Tukunya mai zurfi ba za ta yi haka ba, sai kin baza kastad ɗin a faffaɗan tire ko kin zaunar da tukunyar a ruwan ƙanƙara. A watan Yuli da Agusta kuma, tsayuwa a tashar jirgi da tire a leda ganganci ne. Kowane kofi ya ɗauki lakabi mai sunanki da ranar da aka yi shi, da gargaɗin cewa akwai madara da ƙwai da alkama, saboda masu rashin jituwa da su.

Dala 3,000 ɗin fa? Ga yadda zan yi da ni ce. Kuɗin jarrabawa da izini da inshora su fara fita. Sai kula mai kyau guda biyu da ƙanƙarar roba, ma'aunin zafin abinci, ƙaramin sikeli, kofuna da lakabi. Sai ki ware hayar kicin ta zama huɗu ko biyar. Abin da ya rage, kuma ya kamata ya kai rabi, ki bar shi a banki kada ki taɓa, don makon da aka soke biki ko tukunya ta kama. Ki tuna zubin adashen yana nan yana jiranki kowane wata har zagaye ya ƙare, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kicin ɗin haya yana da nasa firij, ki tambaya nawa ne barin kayanki su kwana a ciki, don dulce frío sai ya kwana.

Kafin duk wannan ya kankama, ki yi rajistar nan ta gida, ki koyi gasa biskit ɗin da kanki. Ƙwai ne da sukari da fulawa, kuma shi busasshe ne, yana cikin abin da aka yarda a yi a gida a sayar. Ko a kicin ɗin haya, gasa naki zai iya rage miki kuɗin kayan haɗi, ki auna ki gani.

Maƙwabciyar nan kuma ki gaya mata da bakinki cewa za ki mayar da abin da ta koya miki sana'a, kada ta ji a bakin wasu. Ki kai mata kofi biyu na wanda kika yi da kirfa da ɓawon lemo, ki ce ta ɗanɗana ta faɗi gaskiya. Sannan ki yi wani gwaji a gida wannan makon: ki cika kofi huɗu, ki rubuta kwanan wata a murfi, ki buɗe ɗaya kowace safiya ki karkata shi. Ranar da kika fara ganin ruwa yana taruwa a gindin kofi, ki rage kwana ɗaya daga nan, shi ne wa'adin da za ki riƙa rubutawa a lakabinki. Ki rubuto mini abin da kika gani, tare da farashin da masu kicin suka ba ki, mu sake zama kan lissafin.