Hukuncin cinikin alkamar da ba a karɓa ba a kasuwar duniya

Tambaya: Malam, tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 nake bibiyar farashin abinci. Akwai manhajar da ake sayen kwangilar alkama ta watanni masu zuwa, in ta tashi a sayar a ci riba. Ya halatta in shiga?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, hawa da saukar farashi ba laifin kowa ba ne a kan kansa. A watan Maris na 2022 ma'aunin farashin abinci na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, saboda ƙasashen nan biyu su ke da fiye da rubu'in alkamar da ake fitarwa a duniya, ga tasoshin Bahar Aswad sun toshe. Wanda ya sayi alkama ya karɓa, ta tashi a hannunsa ya sayar, ribarsa halal ce, muddin bai ɓoye ta don ƙuntata wa jama'a ba.

Amma abin da ka kwatanta daban ne. A kasuwar Chicago ta Amurka, inda ake irin wannan ciniki, kwangila guda kimanin tan 136 ce. Kai kuwa ɗan kuɗin jingina kawai za ka ajiye, ba ka biya ba, ba ka da rumbu, ba ka ma da niyyar ganin ƙwaya ɗaya. Kafin wa'adi ka saki kwangilar, a lissafa bambanci. Kuɗi a jinkirce, kaya a jinkirce: bashi da bashi ke nan, malamai sun haɗu a kan hana shi. Ga kuma hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya sayi abinci ya sayar kafin ya karɓe shi. Da aka tambayi Ibn Abbas dalili, sai ya ce dirhami ne da dirhami, abincin kuwa yana can a jinkirce. Kai ka ce allon wayarka yake kallo. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi (OIC) ma ta haramta wannan ciniki a zamanta na Jidda a 1992.

Saboda haka bai halatta ba. In fataucin abinci kake so, ga salam: ka biya kuɗin duka a wurin ƙulla ciniki (Malikiyya sun yi rangwamen kwana uku), a fayyace nau'i da awo da ranar bayarwa, kuma kada ka sayar sai kaya sun shigo hannunka ko na wakilinka.

Wallahu a'alam.