Amsa ga ƙanena mai son zuwa Ingila binciken takardun tarihi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, so nake in samu zama sosai don tambayar taka ba ta layi biyu ba ce. Ka ce kana son zuwa nan Ingila ka yi digiri na uku a tarihi, kan yadda Turawa suka ci ƙasar Hausa da shekarun farko na mulkinsu, kuma an ce maka wai duk takardunmu an kwashe suna Landan, in ka zo shiga laburare kawai za ka yi ka ɗebo, sannan ka tambaya ko ma ba a sa su a intanet ba mutum ya huta da tafiya. To bari in gaya maka abin da na gani da idona, don shekaru na yi ina zama a irin waɗannan ɗakunan.

Da farko dai ka cire hoton laburare irin wanda ka sani, inda za ka bi kanta kanta kana zaro littafi kana mayarwa. Ma'adanar takardu ba haka take ba. Ba ka ganin kayan ma sam, suna can ciki a ɗaki mai sanyi an zuba su a kwalaye na musamman da ba sa cin takarda, kai lamba kawai za ka nema a katalog ka cike buƙata, a kawo maka kwali teburinka. Kuma abin da ke cikin kwalin nan sau da yawa shi kaɗai ne a duniya, babu kwafi na biyu, shi ya sa suke tsare shi kamar ƙwai. Biro ba ya shiga, fensir kawai. Jaka da rigar sanyi da ruwan sha duk a loka za ka bari. Fayil ɗaya za ka buɗe a lokaci guda kuma yadda ka samu takardun a jere haka za ka mayar, ko da ka ga kamar an yi kuskure wajen jerin, kar ka gyara, ka kira ma'aikaci ka nuna masa. Wannan jerin shi kansa shaida ne, yana nuna yadda mai kayan ya ajiye abinsa.

Kayan kuma iri biyu ne, ya kamata ka bambance su tun yanzu. Akwai takardun gwamnati, su ne a National Archives da ke Kew a yammacin Landan. Wasiƙun da suka gudana tsakanin gwamnatin Arewa da Ofishin Mulkin Mallaka suna ƙarƙashin lamba CO 446, bayan haɗewar Arewa da Kudu a 1914 kuma sai ka koma CO 583. Katin shiga kyauta ne, za ka kawo shaida biyu, ta suna da ta adireshi, kuma suna barin mutum ya ɗauki hoto da waya muddin ba filasha. Ɗakin karatun ba ya buɗewa Lahadi da Litinin, ka sa wannan a lissafin kwanakinka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a Kew ba rahoton da aka aiko daga Zungeru, hedikwatar gwamnatin Arewa a lokacin, ba ne, 'yan rubuce-rubucen da ma'aikatan Landan suke yi a saman fayil ɗin ne, wannan ya rubuta ra'ayinsa ya miƙa wa na gaba shi ma ya rubuta, a nan za ka ga ashe su ma ba bakinsu ɗaya ba, wani lokacin suna ƙorafi a kan mutumin nasu da ke can ya yi gaban kansa.

Iri na biyu, wanda nake so ka fi natsuwa a kai, su ne takardun mutum na ƙashin kansa. Wasiƙun da ya rubuta wa matarsa da 'yan uwansa, littafin da yake rubuta abin da ya faru kullum, daftarin jawabi da aka soke aka sake, hotuna, taswira, har rasit. Irin waɗannan galibi a laburaren jami'o'i suke. Na Lugard, Baturen da ya jagoranci cin Arewa, suna Oxford a laburaren Bodleian, da can a Rhodes House ake karanta su, yanzu an mayar da su ginin Weston. Na Margery Perham ma suna can, matar da ta rubuta tarihin rayuwarsa a littafi biyu, 1956 da 1960. Takardun 'yan mishan na CMS, wato Church Missionary Society, ciki har da zamanin Dokta Walter Miller na Zariya, suna Jami'ar Birmingham a Cadbury Research Library. In bincikenka ya tsallaka ya taɓa Damagaram ko Maraɗi to sai Faransa, a Aix-en-Provence, da kuma Dakar inda aka bar takardun gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa. Ka ga ke nan maganar duk suna Landan ba haka ba ce, a warwatse suke.

Ranar da na fara riƙe wasiƙar da wani jami'in mulkin mallaka ya rubuta da hannunsa yana ba da labarin garin da na sani, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Ga tawada, ga inda ya goge kalma, ga ranar wata. Kuma a nan haɗarin yake ƙanena, don abin yana da kwarjini, sai ka ji kamar ai gaskiya ce tsirara a hannunka tunda ba bugawa aka yi ba. Alhali kwalin nan da ke gabanka ya bi ta hannu da yawa kafin ya iso. Mai kayan ya zaɓi abin da zai ajiye ya ƙona wanda ba ya so. Bayan ya mutu iyalinsa sun tace. Wanda ya rubuta tarihinsa ya jera su yadda zai ji daɗin aiki, kamar yadda takardun Lugard suka bi ta hannun Perham bayan rasuwarsa a 1945. Sannan laburare ta karɓa ta yi nata tsarin. Babban mutum kuma ya san wata rana za a karanta shi, ko wasiƙar gida yake rubutawa yana gyara rawaninsa. Don haka duk kwalin da ka buɗe ka tambayi kanka wa ya tara wannan, don me, me ya kamata a ce yana ciki amma babu. Za ka karanta shafi ɗari kan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, ko yaƙin Burmi, ko na Satiru a 1906, ka ji lissafin harsashi da na dawaki dalla dalla, amma muryar mutanen da aka yi abin a kansu sai dai ta bakin tafinta, shi ma tafintan sau da yawa ko sunansa ba a rubuta ba.

Gwamnati ma tana tace nata. Lokacin da ƙasashe suke karɓar 'yancin kai an ƙona fayil da yawa, wasu dubbai kuma aka kwaso aka ɓoye a Hanslope Park, wani wurin gwamnati a nan Ingila, ba a amsa cewa suna nan ba sai 2011 bayan da tsofaffin Kenya na zamanin tawayen Mau Mau suka kai ƙara kotu a Landan. Daga 2012 aka fara sakin su a Kew ƙarƙashin FCO 141, akwai na Najeriya a ciki. Malaman tarihi sun yi shekara hamsin suna rubutu ba su san da su ba.

Shi ya sa nake son ka san da wani tarin daban, na Malam Umar Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya na Kano da ya rasu a 1962. Laburarensa gaba ɗaya tana Amurka yanzu, a Jami'ar Northwestern da ke Evanston kusa da Chicago, cikin laburaren nazarin Afirka ta Herskovits, abubuwa sama da 3,000, yawanci da Larabci, akwai na ajami. Wannan ba Bature ne yake kallonmu yana rubutawa ba, namu ne da abin da ya karanta da abin da ya kwafa da abin da ya ga ya dace ya adana. Raina yana sosuwa in na tuna ɗan Kano sai ya nemi biza kafin ya taɓa takardun malamin garinsu, ba zan ɓoye maka ba. Amma kuma ina tuna tarin malamai nawa ne aka raba gado aka watsa, gara ta ci, ruwan sama ya lalata. Duka biyun suna damuna kuma har yau ban iya ajiye ɗaya na ɗauki ɗaya ba. Abin da zan ce maka kawai, in Larabcinka da karatun ajaminka ba su yi ƙarfi ba, ka koma ka zauna gaban malami tun yanzu kafin ka taso, wannan shi ne abin da za ka fi yawancin ɗaliban nan da shi, kuma shi zai sa sufabaiza ya ɗauke ka da muhimmanci.

Maganar intanet kuwa, katalog ne yake intanet, ba takardun ba. Abin da aka ɗauki hotonsa aka ɗora ɗan kaɗan ne ƙwarai in ka gwada da abin da ke cikin kwalaye. Akwai shirin British Library na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, sun ɗauki hoton wasu takardu na ma'adanar Kaduna kuma kyauta ake dubawa, ka fara da nan. Katalog ɗin ma sai ka koyi karanta shi, don ba kowace takarda ake lissafawa ba, sai ka ga layi ɗaya an ce wasiƙu daban daban 1902 zuwa 1905, alhali shafi ɗari uku ne a ciki. Wasu tarin ma ba a gama yi musu katalog ba, suna jiran ma'aikaci da kuɗi. Sannan rubutun sunaye, ka nema da Sokoto da Sakkwato, Zaria da Zazzau da Zegzeg, Hausa da Haussa, sunan sarki ɗaya sai ka same shi a rubuce kala huɗu.

Kar ka sayi tikiti sai ka rubuta wa ma'aikacin ma'adanar imel. Ni na taɓa yin wannan kuskuren, na hau jirgin ƙasa na awa huɗu na kama ɗaki na kwana biyu saboda kwali ɗaya a wata laburare, na isa aka ce yana wajen masu gyaran takarda sai bayan wata biyu. Da na tambaya tun farko da an gaya min. Wasu kayan ba a cikin ginin suke ba, a wani sito suke nesa, sai an yi oda kwana biyu ko uku kafin. Wasu a rufe suke saboda sharaɗin iyalin da suka bayar, ko don akwai bayanin lafiya ko na shari'a na mutanen da wataƙila suna raye. Ma'aikatan nan kuma in ka rubuta musu tambaya takamaimai, ka faɗi suna da shekara da wuri, za su nuna maka tarin da ba ka taɓa jin labarinsa ba, sun san kayansu fiye da kowane katalog. In ka rubuta ka ce ina son komai a kan Arewa, babu abin da za su iya yi maka.

In ka shiga, duk fayil ɗin da ka buɗe ka fara ɗaukar hoton lambarsa kafin shafukan, in ba haka ba za ka koma gida da hoto dubu biyar ba ka san wanne daga ina ya fito ba, kuma abin da ba ka da lambarsa ba ka iya kafa hujja da shi. Rubutun hannun Turawan wancan zamanin zai ba ka wahala kwanakin farko, da haƙuri ido yake sabawa. Izinin ɗaukar hoto don karatu daban, izinin bugawa a littafi daban, wannan sai ka sake nema.

Yanzu shawarar da na fi so ka ɗauka. Kafin Kew, ka je Kaduna. Ma'adanar ƙasa da ke can tana da fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa da na larduna, na Kano da Sakkwato da Zariya da sauransu, rahoton Razdan da na Di'o, na haraji, na kotun alƙali, na rikicin sarauta. Abin da aka aika Landan taƙaitawa ce, ɗanyen bayanin a Kaduna ya tsaya. Ga Arewa House da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, ga tarin Waziri Junaidu a Sakkwato, ga gidajen malamai da fadoji da tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu. Wata uku a waɗannan wuraren zai ba ka tambaya ta gaske, kuma takardar neman gurbin da ta ambaci lambobin fayil ɗin da ka riga ka karanta ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba wajen neman sukolashif. Ka kuma sani ba dole sai ka yi digirin a nan ba, mutane da yawa suna rajista a jami'ar gida su zo da bizar ziyara, wadda ba ta wuce wata shida, su yi sati shida ko takwas suna ɗaukar hoto su koma su karanta a natse. In kuma aikin adana takardun ne kansa ya fara burge ka, akwai digiri na biyu a kansa a jami'o'in UCL ta Landan da Liverpool da Glasgow, kuma muna da ƙarancin masu wannan ilimin sosai.

Ka turo min taken binciken naka a layi uku, da shekarun da kake son ɗauka da lardin da za ka tsaya a kai. Ina da niyyar shiga Kew ƙarshen watan nan, zan duba maka kundi ɗaya ko biyu na CO 446 in ɗauko maka hoton wasu shafuka ka gwada karanta rubutun da kanka. Ka gaida su Baba da mutan gida.