Me ya sa agogon Ingila yake canzawa sau biyu a shekara?

Malam, ka ce wani lokaci agogonka na Kano da na ƙaninka da ke Landan sukan zo daidai, wani lokaci kuma ka riga shi da awa ɗaya. Wayarka lafiyarta ƙalau, su ne suke juya agogonsu.

A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, Birtaniya tana tura agogo gaba da awa ɗaya, ta mayar da shi baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Tsakanin nan lokacinsu ɗaya da na Najeriya da Nijar. Shi ya sa wasan Firimiya na ƙarfe uku yake kamawa ƙarfe uku a wurinmu a watan Agusta, amma ƙarfe huɗu a Disamba.

Dalilin shi ne tsawon yini. A Landan yinin watan Yuni yakan wuce awa 16, gari ya waye mutane na ta sharar barci. Idan an tura agogo, hasken nan da ake asara da sassafe sai ya koma yamma, bayan an tashi daga aiki. Jamus ce ƙasar da ta fara bin tsarin a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tattalin kwal. Ko har yanzu yana rage shan wuta? Ana ta muhawara, ni dai ban ga ribar da ta kai wahalar ba.

Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, yininmu bai cika nisa da awa 12 ba, don haka ba ma buƙatarsa. Ita rana ba ruwanta da agogo: Azahar da ƙanin naka yake yi wajen sha biyu, washegarin canjin watan Maris sai ta koma wajen ƙarfe ɗaya.