Ɗana yana dirowa daga katanga wai shi ma Jackie Chan zai zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara 14 ya mutu a kan finafinan barkwanci na Cana, musamman na Jackie Chan. Shi da abokansa sun koma dirowa daga kan katanga suna ɗauka a waya. Makon jiya ya shigo gida da hannu a kumbure. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai Jackie Chan da kansa yake komai, babu dabara, kuma mai koya musu kunfu a unguwa ya ce akwai maganin da in an sha, faɗuwa ba ta yi wa mutum komai. Hankalina ya tashi. Gaskiya ne? Ta wace hanya mutanen nan suka kai inda suka kai?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya shirya mana zuri'a. Tashin hankalinki yana kan hanya, domin maganar nan ta "ai babu dabara" kusan kullum sai na ji ta a bakin samarin da ke son shiga harkar fim, kuma ita ce ke kai su gadon asibiti.

Abin da ɗanki yake kallo a waya ƙarshen aiki ne, bai ga farkonsa ba. An haifi Jackie Chan a Hong Kong a 1954, yana da kimanin shekara bakwai iyayensa suka miƙa shi makarantar wasan gargajiya ta Yu Jim-yuen, ya yi shekara goma a can. Tun asuba ake tashin su, ana lanƙwasa jiki, ana alkafura, ana koyon yadda ake faɗuwa, da bulala a hannun malami. A nan ya tashi tare da Sammo Hung da Yuen Biao. Da ya fito ma ba ekta ya zama ba, cikin masu shan duka aka sa shi a finafinan Bruce Lee na 1972 da 1973. Sai a 1978, da Drunken Master, sunansa ya fito. Kin ga kusan shekara goma sha bakwai ke nan kafin duniya ta fara yi masa dariya.

To duk da wannan horo, me ya same shi? A Project A na 1983 ya saki jiki daga kan hasumiyar agogo mai tsawon kusan ƙafa 60. An ɗaura rumfunan yadi a ƙasa don su rage masa ƙarfin faɗuwar, amma haka ya sauka a kan wuyansa. A Police Story na 1985 ya sulalo ta jikin wani dogon ƙarfe da aka naɗe da ƙwayayen lantarki, fatar tafin hannunsa ta ƙone, ƙugunsa ya goce. Mafi muni shi ne na Armour of God, fim ɗin 1986 da aka ɗauka a tsohuwar Yugoslabiya. Tsalle ne ƙarami, irin wanda ɗanki zai raina: daga kan katanga zuwa reshen bishiya. Reshen ya karye, ya bugi dutse da kansa, ƙoƙon kai ya fashe, jini na fita ta kunne. Likitoci ne suka buɗe kan suka ceto shi, har yau akwai toshiyar roba a wurin, kuma kunne ɗaya ba ya ji sosai. Hajiya, katanga ce fa.

Yanzu mu zo ga wannan mai maganin, wanda shi ne ya fi ɓata min rai. Idan da akwai ruwan da za a sha ƙashi ya ƙi karyewa, wa ya fi Jackie Chan kuɗin sayensa? Mutumin da ya karya idon sawu wajen ɗaukar Rumble in the Bronx, aka sa masa filasta, aka ɗora safa mai zanen takalmi a kai don a ƙarasa aikin? Mutum ya tara 'ya'yan jama'a a kango, babu katifa, babu akwatin magani, bai san inda jijiya take ba, yana karɓar kuɗinsu yana ba su jiƙo, in yaro ya karye ya ce ai shi ne ya karya sharaɗi. Wannan ba malamin kunfu ba ne, ɗan damfara ne. Malamin ƙwarai watanni yake ɗauka yana koya wa yaro faɗuwa a kan katifa kafin ya bar shi ya hau ko benci.

Batun dabara kuwa, fim ɗin faɗa gaba ɗayansa dabara ne, kuma wannan ba abin kunya ba ne, shi ne gwanintar. Masu ɗaukar hoto na Hong Kong sukan rage gudun kyamara zuwa hoto 22 a daƙiƙa maimakon 24, sai duka ya fito da sauri fiye da yadda aka yi shi. Akwai igiyar waya da ake ɗaura wa mutum, akwai kwalaye da katifu inda kyamara ba ta gani, akwai soso a ƙarƙashin riga, akwai kujerar da aka riga aka zarta don ta wargaje da bugu ɗaya. Jackie Chan yana da tawagarsa ta ƙwararrun masu faɗuwa, sun san inda ƙafar kowa za ta sauka, kuma abin da kike gani na daƙiƙa biyar ana iya maimaita shi sau da yawa kafin a samu mai kyau. Shi ɗin ma an sha sa wani a madadinsa, kamar a Thunderbolt na 1995 lokacin da ƙafarsa ba ta warke ba. Ki zauna da ɗanki ku kalli ƙarshen wani fim ɗinsa, inda sunaye ke wucewa. A nan ake nuna kurakurai, ana ɗaukar waɗanda suka ji rauni a gadon ɗaukar marasa lafiya zuwa mota. Sau da yawa yara ba sa kaiwa wurin, da an kashe bos sun tashi.

In barkwancin ne yake so, ba dole sai ta tsalle ba. Michael Hui da baki da iya tsara labari ya taimaka wajen farfaɗo da fim ɗin harshen Kanton, wato harshen mutanen Hong Kong, a 1974. Stephen Chow ya yi shekaru yana gabatar da shirin yara a talabijin kafin ya samu shiga, kuma tashi sama da ake yi a Shaolin Soccer da Kung Fu Hustle aikin kwamfuta ne da igiya. Jia Ling daga wasan dandamali ta fito, fim ɗinta Hi, Mom na 2021 labarin mahaifiyarta ne, ya sa miliyoyin mutane dariya da kuka.

Hannun nan da ya kumbura, ki kai shi asibiti a yi hoto kafin kowane mai ɗori ya taɓa shi, domin karaya kusa da gaɓa a shekarunsa tana iya lalata girman ƙashin. Ki tambaye shi ko ya taɓa buga kansa. In kin ga amai, ko yawan barci, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada a jira gari ya waye. Sannan mahaifinsa ya samu iyayen sauran yaran su je wurin mai unguwa a kan mutumin nan, a kuma kai abin da yake ba su su sha a bincika.