Amsa ga 'yar'uwa mai neman asalin dangin mahaifiyarta a Ingila

'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce mahaifiyarki baturiyar Ingila ce, kuma ba ta bar miki komai game da danginta ba sai sunan kakanki da garinsu. Wannan ya isa a fara, ni ma da ɗan abu kamar haka na bi dangin iyalina har kaka da kakanni.

Fara neman takardar auren kakanninki. Tun 1 ga Yulin 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Ki duba sunan a FreeBMD, shafin intanet na kyauta mai jerin sunayen da ke cikin rajistar, sannan ki sayi takardar daga GRO, wato babban ofishin rajista na gwamnati. A jikinta akwai sunan uban ango da na amarya da sana'arsu. Takardar haihuwa kuma tana ɗauke da sunan gidan su uwa kafin ta yi aure, wanda da shi za ki bi ɓangaren mata.

Daga nan sai takardun ƙidayar jama'a. Ta 1921 ce ta ƙarshe da aka buɗe. Ta 1931 gobara ta cinye a 1942, a 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi, shi ya sa ake cike giɓin da rajistar 1939, wato jerin sunayen jama'a da gwamnati ta ɗauka a farkon yaƙin. Ki riƙa komawa baya shekara goma-goma. Ta 1851 ta fi ta 1841 amfani nesa ba kusa ba, don ta faɗi garin haihuwa da dangantakar kowa da maigida. A ta 1841 an rage wa manya shekaru, mai 34 a rubuta 30, kada hakan ya ruɗe ki.

Inda mutane ke ɓata shi ne bishiyar dangi da wasu suka ɗora a Ancestry, shafin intanet na binciken asalin dangi. Ƙauye ɗaya sai ki tarar da John uku masu sunan gida ɗaya, duk sa'o'in juna, mai gaggawa ya ɗauki wanda ya fara gani, wasu su yi ta kwafa. Ni ba na karɓar mutum sai sana'arsa da garin haihuwarsa da sunan matarsa sun yi daidai a takarda biyu. Wani kakan iyalina ma kalmar masaƙi a gefen sunansa ce kaɗai ta raba shi da ɗan baffansa manomi.

Kafin 1837 sai littattafan coci na baftisma da aure da jana'iza, waɗanda aka fara a 1538, ko da yake na farko da yawa sun salwanta. Akasarinsu suna ma'ajiyar tarihi ta gunduma. Faɗa min garin kakan naki, in nuna miki wacce za ki tuntuɓa.